Alƙaluman 'yan wasa a ƙwallon kwando: abin da wasan ƙarshe na NBA na 2016 ya nuna

Duk wasan da aka buga a gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, ana fitar da jadawalin alƙaluma da zarar an tashi. Kowane ɗan wasa yana da layinsa: mintunan da ya yi a fili, makin da ya ci, jifan da ya yi da wanda ya shiga, ƙwallon da ya cafke bayan ta bugi kwando ta dawo, wadda ya miƙa wa abokinsa aka ci, wadda ya ƙwace, wadda ya tare a sama, da wadda ya ɓarar. Yawancin masu kallo layin maki kaɗai suke dubawa, alhali shi ne ya fi saurin yaudarar mutum. Wasa na bakwai na zagayen ƙarshe na shekarar 2016 misali ne mai kyau a kan haka.

An buga wasan ranar Lahadi, 19 ga Yuni, 2016, a birnin Oakland na Jihar Kalifoniya, tsakanin Golden State Warriors masu masaukin baƙi da Cleveland Cavaliers. A agogon Najeriya, an fara shi ne da misalin ƙarfe 1 na daren Litinin, cikin watan Ramadan, aka kuma tashi gab da sahur. Warriors ce ke riƙe da kofin, kuma a kakar ta ci wasa 73 cikin 82, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi. A zagayen ƙarshe, wanda ya fara cin wasa huɗu shi ke ɗaukar kofi. Warriors ta kai 3 da 1, sannan Cleveland ta farke ta mayar da shi 3 da 3. A wasan raba gardama Cleveland ta ci 93 da 89.

Wanda ya fi kowa maki a daren ɗan Warriors ne, Draymond Green, mai maki 32. Ya yi jifa 15, 11 suka shiga. Daga bayan layin maki uku ya jefa 8 ya ci 6. Ya cafke ƙwallo 15, ya bayar aka ci sau 9. A wasan da ƙungiyoyin biyu suka sha wuyar samun kwando, wannan aiki ne da ba kasafai ake gani ba. Su kuwa manyan maharban ƙungiyar, Stephen Curry da Klay Thompson, ranar ba tasu ba ce. Curry, wanda a kakar aka zaɓe shi gwarzon gasar ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta kuɓuce masa ba, ya yi jifa 19 ya ci 6, ya tashi da maki 17. Thompson ya jefa 17 ya ci 6, maki 14. Idan aka haɗa, jifa 36 suka yi suka samu maki 31, Green kuma ya samu 32 da jifa 15. Wannan ne dalilin da ya sa masu nazarin wasan ba sa karanta maki sai sun duba yawan jifan da aka kashe a kansa. Ɗan kasuwa ma ba ya yabon ciniki sai ya san uwar kuɗin da aka zuba.

Da wannan ma'auni, LeBron James na Cleveland bai yi wani abin a-zo-a-gani ba wajen jifa. Ya jefa 24, 9 kacal suka shiga, kuma ya ɓarar da ƙwallo sau 5. Amma layinsa ya ƙunshi maki 27, cafka 11, bayarwa 11 da tarewa 3, cikin kusan minti 47 daga 48 na wasan. Kai wa goma ko fiye a fanni uku a wasa guda abu ne da ake ƙirgawa daban a ƙwallon kwando, kuma kafin shi mutum biyu ne kawai suka yi haka a wasa na bakwai na zagayen ƙarshe: Jerry West a 1969 da James Worthy a 1988. Shi West an doke ƙungiyarsa ranar, duk da haka aka ba shi kyautar gwarzon zagayen.

Jimillar ƙungiyoyin ta fi layin kowane mutum bayyana inda aka ci wasan. Warriors ta ci jifan maki uku sau 15 cikin 41, Cleveland ta ci 6 cikin 25, wato tazarar maki 27. A ƙa'ida, ƙungiyar da ke da wannan rata ba ta faɗuwa a gida. Sai dai Cleveland ta riƙa kutsawa ƙarƙashin kwando, ta ci jifan maki biyu sau 27, Warriors ta ci 17. Mai kutsawa shi ake yi wa ƙeta, don haka Cleveland ta samu jifan kyauta 25 ta ci 21, Warriors ta samu 13 ta ci 10. Maki 20 daga kusa da maki 11 daga layin kyauta sun zama 31, a cire 27, saura 4, wanda shi ne tazarar da aka tashi da ita.

Akwai wani layi a ƙarshen jadawalin da ake yawan tsallakewa, mai nuna yawan makin da ƙungiya ta fi ko ta gaza abokiyar karawarta a mintunan da ɗan wasa yake cikin fili. Kevin Love, wanda ya sha suka a zagayen, maki 9 kawai ya ci, amma ya cafke ƙwallo 14, kuma a lokacin da yake fili Cleveland ta fi Warriors da maki 19. Wannan adadi yana buƙatar hattara, domin ya dogara da su wa mutum ya shiga fili tare da su, kuma wasa ɗaya bai isa a yanke hukunci ba. Duk da haka yakan fito da aikin da layin maki ya ɓoye.

Abin da jadawalin ba ya nunawa ko kaɗan shi ne lokaci. Festus Ezeli, haifaffen birnin Binin na Jihar Edo, shi ya fara wasan a matsayin dogon Warriors saboda raunin da Andrew Bogut ya ji. Saura minti biyar da 'yan kai, Warriors na gaba da 87 da 83, ya yi wa James ƙeta a kan jifan maki uku. James ya ci jifan kyautan uku duka, ya biyo da wani na maki uku. A jadawali, laifi ɗaya ne kamar kowane laifi. Thompson ya mayar da wasan 89 da 89 saura minti 4 da daƙiƙa 39, kuma daga nan Warriors ba ta ƙara cin ko maki ɗaya ba. Saura minti ɗaya da daƙiƙa 50, Andre Iguodala, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya nufi kwando, James ya biyo shi da gudu daga baya ya danne ƙwallon a jikin allo. Wannan tarewa ita aka fi tunawa a wasan, ita ma ɗaya ce cikin ukun da aka rubuta masa. Saura daƙiƙa 53, Kyrie Irving, mai maki 26, ya jefa ta maki uku a kan Curry, sannan James ya ƙara ɗaya daga layin kyauta.

Mai kwatanta 'yan wasan zamani daban-daban kuma ya san cewa jadawalin kansa ya sauya. Sai a kakar 1973 zuwa 1974 aka fara ƙirga tarewa da ƙwace a hukumance, layin maki uku kuma ya shigo a 1979. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi ke kan gaba a tarihin gasar da tarewa 3,830, amma na Bill Russell da Wilt Chamberlain ba a rubuta su ba.

A wasannin bakwai gaba ɗaya, James ya fi kowane ɗan wasa na ƙungiyoyin biyu a maki, cafka, bayarwa, ƙwace da tarewa, shi ya sa aka ba shi kyautar gwarzon zagayen baki ɗaya. Wannan ne kofin farko na Cavaliers, kuma karon farko da wata ƙungiya ta dawo daga 3 da 1 ta ɗauki kofi a zagayen ƙarshe na NBA.