Gubar Dalma a Anka da Bukkuyum: Tarihin Wata Annoba

A watan Maris na shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ciwon yakan fara da amai da suma, ya ƙi jin maganin zazzaɓi. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce.

Asalin musibar neman halali ne. Da farashin zinariya ya tashi, manoma suka koma haƙo, suna kai duwatsun cikin gida, ana dakawa ana niƙawa a inda yara ke rarrafe. Duwatsun kuwa cike suke da dalma. Binciken da aka yi a Dareta da 'Yar Galma ya gano cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jimillar waɗanda suka rasu a yankin ta haura 400.

An buɗe sassan jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, aka kankare gurɓatacciyar ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, domin magani ba ya amfani muddin yaro zai koma cikin ƙurar. Bagega kuwa sai a 2013 aka tsabtace ta, saboda jinkirin sakin kuɗi daga gwamnatin tarayya.

Malaman usulu sun lissafa kiyaye rai da zuriya cikin manufofin Shari'a. A Bagega, jinkirin hukuma ya sa yara jiran wannan haƙƙi kusan shekara uku.