Wuƙar Likita da Ciwon Minshari

Shekara da shekaru minshari abin dariya ne kawai, ba a lissafa shi cikin cututtuka. Sai a 1965 likitoci a Faransa da Jamus ta Yamma suka ɗaura wa masu barci na'urori, suka kwana suna gadinsu. Abin da suka gani kuwa ya tsoratar: maƙogwaron wasu yakan rufe ruf, numfashi ya tsaya, sai mutum ya zabura ya ja iska, sa'an nan ya koma barci, a yi ta haka har asuba. Mai wannan ciwo yakan wuni yana gyangyaɗi, jininsa ya hau, zuciyarsa ta jigata.

Maganin farko mai tsanani ne. A 1969 Kuhlo da abokan aikinsa a Jamus suka huda maƙogwaro ƙasa da inda yake toshewa, suka sa bututu. Ciwon ya kau, amma ba kowa ke yarda ya zauna da rami a wuya ba.

Tun kafin wannan, wani likitan Japan, Ikematsu, yana rage naman bayan ganɗa don kashe minshari. A 1981 Shiro Fujita na birnin Detroit a Amurka ya faɗaɗa wannan aiki, watau ya riƙa yanke beli da tattausan naman da ke kewaye da shi. (Wannan dabam yake da cire belin jarirai da wanzamai ke yi, wanda likitoci ke hanawa.) Asibitoci suka rungumi aikin da murna, har sun yi gaggawa. Da aka tattara sakamako a 1996, aka tarar waɗanda suka sami sauƙi na sosai ba su kai rabi ba. Mafi muni, wani minsharinsa ya lafa, iyali su ɗauka ya warke, alhali numfashin na nan yana yankewa shiru.

A wannan shekara ta 1981 ɗin ce Colin Sullivan a Ostireliya ya fito da na'urar da ke hura iska ta hanci, ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Ita ta zama magani na gaba, fiɗa ta koma ta waɗanda suka kasa jure na'urar. Su ma an ƙara musu hanyoyi: akwai jawo muƙamuƙi gaba, akwai kuma wata 'yar na'ura da Amurka ta amince da ita a 2014, wadda ake dasawa a ƙirji, tana zungurar jijiyar harshe don kada ya faɗa baya.