Yunusa: sunan da ya buɗe tarihin sarautar Abzin

Duk wanda ya bi jerin sarakunan Abzin zai tarar da suna ɗaya a sama: Yunus. Tarihin Agadez ya nuna cewa wajen shekarar 1405 ne ƙabilun Abzinawa, bayan sun gaji da rikici a tsakaninsu, suka naɗa shi ya zama mai raba gardama. A Tadeliza ya zauna. Sai daga baya, zamanin Sarki Ilisawan, aka dawo da fada Agadez. Tsofaffi kan ce daga Santambul aka ɗauko shi, amma masana tarihi suna ja da wannan, domin sai 1453 Turkawa suka ci birnin.

To, shi sunan daga ina ya fito? Da yawa sun ɗauka Larabci ne, alhali asalinsa Ibrananci ne, harshen Bani Isra'ila. A can ana cewa Yona, ma'anarsa kurciya. Da aka fassara littattafansu zuwa Girkanci sai ya koma Yonas, kuma masana harshe suna ganin nan ne tushen "s" ɗin da ke ƙarshen Yunus na Larabci, kamar yadda Iliya ya zama Ilyas. Bahaushe, da ba ya son rufe kalma da baƙi, ya ce Yunusa, ya kuma taƙaita shi zuwa Inusa. A takardun haihuwa na Nijar kuwa sai ka ga Younoussa ko Inoussa, bisa rubutun Faransanci.

Abin da ya yaɗa sunan shi ne Annabi Yunusa ɗan Matta, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda kifi ya haɗiye. Sura ta 10 a Alƙur'ani sunansa take ɗauke da shi. An aike shi ga mutanen Ninawa, daura da Mosul ta ƙasar Iraƙi, inda 'yan ƙungiyar IS suka rusa masallacin da ake dangantawa da kabarinsa a watan Yulin 2014.

Ba shi kaɗai ne ba a garin nan. Zakariya, wanda ake jingina wa ginin babban masallacinmu na 1515 mai hasumiyar mita 27, shi ma sunansa Ibrananci ne: Ubangiji ya tuna.

A rajistar aji yau, Inusa bai kai Musa ko Ibrahim yawa ba, kuma ɗalibin da ke amsa shi da wuya ya san abin da yake nufi. Laifin ba na yaro ba ne. Mu iyaye da malamai ne muke raɗa suna ran bakwai, a yanka rago, a watse, ba wanda ya sake tayar da zancen. Ya kamata duk Inusan da ke Agadez ya san cewa sunansa ya ratso harsuna uku kafin ya iso bakin Bahaushe, kuma da shi aka fara lissafin sarakunan garinsa.