Allon da Ke Jan Layi: Tarihin Injinan Wasa na 1977 zuwa 1984

Duk mai gyaran talabijin da ya taɓa kwance tsohuwar akwati mai ƙaton baya, a Kazaure ne ko a Babura, ya san yadda hoto ke samuwa a cikinta. Ɗigon haske ɗaya ne ke gudu daga hagu zuwa dama, ya ɗan sauko ya sake, kamar mai huɗa yana bin kunya bayan kunya, har layi 625 su cika. Amma an yi wani ɗan zamani a Amurka da wasu injinan wasa na tsaye, irin waɗanda ake jefa wa kwabo, suka bi wata hanya dabam. A cikinsu hasken ba ya share fuskar allon duka. Inda aka aike shi nan yake zuwa, ya ja layi, ya ɗauke, ya tsallaka wani wurin ya sake kamawa. Sauran allon baƙi ƙirin. Shi ake kira allon bekta.

Larry Rosenthal ne ya kai shi kasuwa. Ya ga wasan Spacewar da aka ƙirƙira a jami'ar MIT a 1962, ya haɗa nasa injin, kamfanin Cinematronics na Kalifoniya ya fitar da shi a 1977 da sunan Space Wars. Allon Cinematronics ba ya ɓuya ga wanda ya leƙa bayansa. Faffaɗar waya ce mai layi-layi ke kawo masa saƙo daga ƙwaƙwalwar injin, kuma a kan fanel ɗinsa ake mayar da lissafin ya zama wutar da ke karkata haske. Shi ya sa ba a ɗauke shi a dasa a injin wani kamfani.

Atari ya shigo a 1979 da Lunar Lander, sannan Asteroids a watan Nuwamba, wanda aka sayar da fiye da 70,000. Kamfani biyu ne suka riƙa ba shi allo mai fari da baƙi: Electrohome na Kanada da samfurin G05, da Wells-Gardner na Shikago da 19V2000. Kusan tagwaye ne, ɗaya na iya maye gurbin ɗaya, don haka takardar da ke manne a jikin ƙarfen ake dubawa kafin a yanke hukunci. Koren da ake gani a Battlezone na 1980 ba daga kwalbar allon yake fitowa ba, leda ce mai launi aka shimfiɗa a gaba.

A ganina waɗannan masu fari da baƙin su ne suka fi kyau. Babu ragar ƙarfe irin ta allo mai launi tsakanin hasken da gilashin, layin kan fito siriri, harsashin Asteroids kuwa har kashe ido yake.

Launi ya zo a 1981, kuma da shi wahala ta zo. Sega ya riga kowa da Space Fury a kan allon Electrohome G08, Atari ya biyo baya da Tempest a kan Wells-Gardner 6100. Matsalar ɗaya ce. A talabijin, haske na bin hanyar da ya saba ne. A nan kuwa ana fizgar sa daga kusurwa zuwa kusurwa ba hutu, kuma manyan taransisto ne ke ɗaukar wannan nauyi, suna zafi kamar me. A 6100 guda shida ne a ɗaure a jikin firam ɗin ƙarfe domin ya sha zafinsu, kuma da su ake saurin gane shi. G08 har fanka aka sa masa, duk da haka ya yi ƙaurin suna wajen ƙonewa, wani lokaci har da wuta. Idan taransiston suka mutu, hasken kan tsaya cak a tsakiya ya ƙona gilashin. Don haka aka sa wa allunan Atari wata kariya mai ɗauke hasken nan take, da ɗan ƙwai ja a fanel da ke kamawa ya shaida wa mai gyara inda ciwon yake.

Atari ya nemi mafita a gida, wurin Amplifone, masana'antarsa ta Brownsville a Texas. Allonta ya fi 6100 kaifin hoto, kuma mai inci 25 shi aka sa a Star Wars na 1983, samfurin da ake shiga a zauna. Nasa raunin yana taransifomar babbar wuta, wata ja, wadda ta riƙa mutuwa tana jan wasu kayan.

Masu gidajen wasa sun gaji da kiran mai gyara. Alluna irin na talabijin sun fi araha, hotonsu kuma yana ta cika da launi, ga kasuwar wasannin ta karye a 1983. Vectrex, ƙaramin injin gida mai allon bekta na inci 9 da ya fito a 1982, an daina ƙera shi a 1984. Yau ba masana'antar da ke yin waɗannan kwalabe, saboda haka masu adana tsoffin injinan kan ciro kwalba daga matacciyar talabijin ta wancan zamani, su sauya mata naɗin wayar wuya, su mayar da ita cikin injin.