Mai Gyaran Rediyo a Kasuwar Managil

Auduga ce ta tara Hausawa a Jazira ta ƙasar Sudan. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, mahajjatan da guzuri ya ƙare musu suka tsaya tsinkar auduga. Da aka faɗaɗa gonakin zuwa Managil a ƙarshen shekarun 1950, ƙauyukansu suka ƙaru. A 1957 kuma BBC ta fara magana da Hausa, rediyo ya zama abin da manomi ke tara wa kuɗi.

A wancan zamani, rediyon da ƙurar Jazira ta lalata, mai gyara ake kai wa. Yawanci a gefen shagon kaset yake zama, teburinsa cike da gawarwakin National da Philips, ba ya yarda a taɓa ko ƙusa ɗaya. Inda babu lantarki, a garwashi yake ɗora ƙarfen narka dalma. Batir da harshe yake ɗanɗana shi, rediyo kuwa sai ya shinshina kafin ya kwance. Zaren kaset ya tsinke, jan farce ne maganinsa, biro ya naɗe shi. Mutane kan ce da ɗan taɓi a kansa, amma wurinsa suke komawa.

Da murya yake gwada aikinsa: ko Shata, ko A'isha Falatiya, Bahaushiyar da ta riga sauran mata rera waƙa a gidan rediyon Omdurman, wanda aka buɗe a 1940.

Wayar salula ta kashe kasuwar kaset. Da yawa daga masu gyaran rediyo sun koma canza gilashin waya da bakin caji.