Ta Kunnu, Amma Ta Ƙi Tashi

A shagunan gyaran waya da kwamfuta na Unguwar Dosa, har zuwa Kawo da Badarawa, akwai maganar da ake yawan shigowa da ita: "Injiniya, goge ta kawai na yi, shi ke nan ta ƙi tashi." Kalmomi biyu ne suka ɗauki nauyin wannan ƙorafi, goge da tashi, kuma kowacce tana da dogon labari.

Mu fara da tashi. Bahaushe ya raba kunnawa da tayarwa tun kafin ya ga kwamfuta. Fitila kunna ta ake yi, rediyo ma haka. Mota da janareto da injin niƙa kuwa sai an tayar da su, domin akwai aikin da za su yi a cikinsu kafin su kama. Kwamfutar da aka goge takan kunnu lafiya lau: fanka na juyawa, fuska ta yi haske, tambarin HP ko Dell ya bayyana. Daga nan sai duhu, da layi ɗaya na Turanci mai cewa ba ta sami abin da za ta tashi da shi ba. Wanda ya ce "ta kunnu amma ba ta tashi ba" ya riga ya yi wa mai gyara rabin bincike, don ya nuna ba caja ba ce, ba kuma batir ba.

Bature "boot" yake cewa, wato takalmi sau-ciki. Guntun "bootstrap" ne, ɗan madaurin da ake kamawa a ja takalmin ya shiga ƙafa. Suna da wata magana ta ba'a a kan mutumin da ke son ɗaga kansa sama ta hanyar jan madaurin takalminsa, abin da ba ya yiwuwa. Injiniyoyin shekarun 1950 suka ari maganar, saboda matsalarsu ke nan: sai da manhaja ake loda manhaja, to wa zai loda ta farko? 'Yan'uwanmu na Maraɗi da suka yi boko da Faransanci "démarrer" suke ji, asalinta kwance jirgin ruwa daga inda aka ɗaure shi. Balarabe ya ce iƙla'i, kalmar da yake amfani da ita wajen tashin jirgin sama. Tamu ta haɗa duka, da ƙari: mai barci ya tashi, jirgi ya tashi, inji ya tashi. A ganina ta fi ta takalmin dacewa nesa ba kusa ba.

To wa ke tayar da ita? Wata 'yar manhaja da ke zaune a kan uwar allon kwamfutar, ba a ma'ajiya ba, shi ya sa gogewa ba ta taɓa ta. Sunanta BIOS, sunan da ya fito daga aikin Gary Kildall a 1975. Magajiyarta a sababbin kwamfutoci ita ce UEFI, ko da yake masu gyara duk "bayos" suke kiransu. Tsohuwar tana leƙa gurbin farko na ma'ajiya, mai girman bayit 512 kacal, ta karanta umarnin da ke wurin. Sabuwar tana neman wani ɗan keɓaɓɓen sashe ne. In an goge komai, ta leƙa ba ta ga kowa ba, sai ta tsaya.

A nan ne sunan "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ke tsorata mutane. Mai ita ya ji ya goge ƙwaƙwalwa, sai ya ɗauka ta haukace ke nan har abada. Ita kanta na'ura, ko kun san daga ina take? Daga Larabci ce, sunan babbar ƙafar katako mai juyawa tana ɗebo ruwa daga kogi, irin waɗanda garin Hama na Siriya ya yi suna da su. Daga ban ruwa ta zo ta zauna a kan cinya. Kwamfutar cinya, in ji wasu. Kwamfutar tafi-da-gidanka, in ji masu karanta labarai. Na biyun ya fi daɗin faɗa, na farkon ya fi gaskiya.

Abin da aka goge fa, mene ne sunansa? A shago "had-dis" ne. A rubuce wasu su ce ma'ajiya, wasu rumbu, wasu faifai. Faifai ya fi burge ni. Ya taso daga rufe ƙwarya, ya zama faifan garmaho, ya zama faifan CD, yau har bidiyon da aka turo ta WhatsApp "faifan bidiyo" ne, alhali babu abu mai da'ira ko ɗaya a cikinsa. Abin dariyar shi ne "disk" ta Turanci ta fito daga "diskos" na Girkanci, tushen da ya haifi "dish", akushinsu na cin abinci. Mu da su duk daga madafi muka ɗauko. Had-dis na farko, wanda IBM ya fitar a 1956, fayafayai 50 ne masu faɗin inci 24, suna ɗaukar haruffa kimanin miliyan 5. SSD na yau babu faifai a cikinsa sam, amma har gobe had-dis ake ce masa.

Sai goge, kuma a nan ne kuskuren kalma ke jawo asara. Muna da goge, muna da share, muna da wanke, ga kuma baƙuwa, fomatin. Almajiri in ya wanke allo, rubutu ya tafi, sai farar ƙasa da sabon darasi. Fomatin na gaggawa ba wanke allo ba ne. Jerin da ke nuna inda kowane fayil yake kawai yake cirewa. A tsohon faifai mai juyawa bayanan suna nan kwance, kuma sau da yawa ana iya tono su, muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba. Wankewa ta gaske ita ce a bi kowane gurbi a cika shi da sifiri. SSD kuwa ba shi da haƙuri, yakan kwashe abin da aka ce ba a so ba da daɗewa ba.

Gyaran kansa gajere ne. A samo filash mai aƙalla gigabayit 8, a ɗora masa manhajar girka Windows daga wata kwamfuta. A soka, a kunna, a riƙa danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce, a zaɓi filash ɗin. In ta ƙi ganinsa, galibi an shirya shi don UEFI ne alhali ita tana kan tsohon tsari, ko akasin haka. A shiga bayos a daidaita. Yawancin waɗanda suka zo da Windows 8 zuwa sama, wato daga 2012, lambar lasisinsu na cikin bayos, gogewa ba ta cinye ta. A shago duk wannan sunansa "sa mata windo", kalmar da kafinta ma ya sani.

Filash ma ya cancanci a tsaya masa. A kamfanin Toshiba na Japan aka raɗa sunan a shekarun 1980, domin yadda yake goge bayanai farat ɗaya ya yi kama da walƙiyar kyamara. Mu kuwa mun ba kalmar aiki uku: filash na ajiya, filashin da ake yi wa waya in ta rikice, da filashin na wanda ba shi da kati.

Don haka, mai karatu, ranar da taka ta ƙi tashi, faɗa wa injiniya ainihin abin da ka yi mata, fomatin ne ko wankewa. In akwai hotunan biki ko kundin digiri da kake son ceto, ka hana shi sa windo sai ya fara tono su.