Kwalli A Cikin Kayan Jariri: Waiwaye Daga Gummi

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Bayan haka, abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar takarda ce. Da cikin maiɗakina ya shiga wata na tara, mahaifiyata ta sa aka rubuta mini jerin kayan da zan sayo a kasuwar Gummi: zanen goyo, majanyi, baho, sabulu, man shafawa, gidan sauro, sabuwar reza, sai kwalli a ƙarshe. Wannan na ƙarshe shi ya tsayar da ni, har ya sa na waiwayi tarihin kayan jariri a ƙasarmu.

A zamanin kakanninmu yawancin kayan haihuwa tara su ake yi, ba a cika saye ba. Tun ciki yana wata bakwai maigida zai fara jibge itacen wankan jego, a tanadi babbar tukunya, da gero da kanwa domin kunu, da yaji. Ungozoma ke yanke cibiya. Mai jego ta yi ta wanka da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har kwana arba'in. Kafin suna a dafa ƙauri a rarraba, ran bakwai wanzami ya zo da askarsa. Baba ta Karo, wata tsohuwa a ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta kawo irin waɗannan al'adu daki-daki, kuma wanda ya tashi a Gummi zai gane yawancinsu.

To amma mu rarrabe, ya ɗan'uwa. Abin da Musulunci ya zo da shi game da jariri ba shi da yawa: tauna dabino a goga masa a dasashi, raɗa masa kyakkyawan suna, yanka ragon suna da aske kai ran bakwai, da yin sadaka da azurfa gwargwadon nauyin gashin. Sauran duk al'ada ce, ita kuwa al'ada ana auna ta da amfani da cutarwa. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da tsananin zafin jego da yawan shan kunun kanwa. Iyayenmu ƙauna ce ta sa su yi, ilimin abin ne bai iso su ba tukuna.

Daga baya kayan kanti suka shigo: hoda, shawul, filas, nafkin, har zuwa Pampers na yau. Amma kwalli bai taɓa fita daga jerin ba.

Sai shekarar 2010 ta zo mana da darasin da ba za mu manta ba. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa bayan suma da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maƙwabtanmu. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a duniya, mutane suka riƙa kawo duwatsun ma'adini cikin gida suna dakawa a turmi, suna niƙawa a inji, alhali duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta zauna a tsakar gidan da yara ke rarrafe. A Dareta da 'Yargalma an gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara 5 ba sun rasu cikin shekara guda. Yara aƙalla 400 suka tafi, dubbai kuma suka kamu. Bagega ma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina haɗin wannan da kwalli? Yawancin kwallin dutse mai ƙyalli da muka gada, ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka tarar kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce. Jariri yakan murza ido ya kai hannu baki, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani gwargwado na dalma da za a ce ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ɓarnar kuwa ba ta cika gyaruwa ba. Gaskiya ne hadisi ya yabi kwallin ismid, amma ba duk baƙin dutsen da aka kasa a faifai ne ismid ba, ido kuma ba ya iya bambance su. Ƙa'idar malamai sananniya ce: ana gabatar da kau da ɓarna a kan jawo amfani.

Na koma gida da kaya duka ban da ɗaya. Inna ta duba ta ce, "Kai, ina kwallin?" Na durƙusa na ce, "Inna, ki gafarce ni, ki tuna yaran 'Yargalma." Na yi mata bayani a hankali. Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Ku duka da shi na rene ku. Amma tunda haka ne, a bar shi. Allah Ya sauke ta lafiya."

Don haka, ya ku matasa, idan jerin kayan jariri ya zo hannunku, ku bi shi ɗaya bayan ɗaya: wanne ne sunna, wanne ne al'ada mai amfani, wanne ne ya kamata a tambayi ma'aikacin lafiya a kansa? Ku yi wa iyaye bayani cikin ladabi, domin yaro amana ne da za a tambaye mu a kansa ranar gobe ƙiyama.

Allah Ya jiƙan yaran Anka da Bukkuyum, Ya sa masu ceton iyayensu ne, Ya raya mana zuriya a kan sunna. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.